Gwajin ƙarfin jiki kafin komawa aiki: abin da na gani daga ranar rauni zuwa ranar da aka sa hannu

Shekarata 42 lokacin da bayana ya riƙe, kuma 11 daga cikinsu na yi su ne a ma'ajiyar kaya ta wani kamfani, inda aikinmu shi ne sauke kwalaye daga mota, jera su a kanta, da sake loda su idan aka zo ɗauka. Ranar da abin ya faru ban ɗauki wani nauyi na ban mamaki ba. Kwali ne irin wanda na saba ɗagawa kullum, sai dai na sunkuya na ɗauko shi daga ƙasa, na murɗa ƙuguna zuwa hagu don in ɗora shi a kan amalanke ba tare da na gusar da ƙafafuna ba, nan take na ji kamar an tsula mini bulala daga ƙugu har dunduniya. Daga wannan rana zuwa ranar da na sake sanya rigar aiki an kwashe wata takwas da 'yan kwanaki, kuma kusan wata uku daga ciki jinya ba ta da hannu a cikinsu. Abin da ya cinye su shi ne rashin sanin yadda ake gudanar da gwajin ƙarfin jiki da kuma takardun da yake tafiya da su, saboda haka na ga ya dace in tsara abin daki-daki ga wanda zai bi wannan hanya bayana.

Abu guda da na yi daidai tun farko, shi ma ba da dabarata ba, shi ne cike takardar rahoton haɗari a ranar da abin ya faru. Shugaban sashenmu ne ya matsa mini, ni kuwa ina cewa a bari ciwon zai lafa zuwa gobe. Wannan takarda mai shafi ɗaya, da kwanan wata da sa'a da sa hannun shaidu biyu, ita ce kowane ofishi ya riƙa fara tambaya daga baya. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi bai nuna karaya ba, sai da aka yi hoton MRI, wanda ke nuna har nama da jijiyoyi, aka ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya na huɗu da na biyar a ƙugu, wanda likitoci ke rubutawa L4 da L5, ya bulluƙo yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Likitan ƙashi ya ce ba sai an yi tiyata ba, ya haɗa ni da magani da likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa jiki, na riƙa zuwa sau biyu a mako. A wata na biyar zogin ƙafar ya tafi, sai ɗan tsami da ya rage a ƙugu idan na daɗe a sunkuye, likitan ya ce jinya ta kai inda za ta kai, abin da ya rage sai ƙarfafa jiki. Ya rubuta mini takarda mai layi uku cewa zan iya komawa aiki gwargwadon iyawata, na fito ina murna a zatona magana ta ƙare.

Washegari na kai takardar ofishin kula da ma'aikata. Jami'ar da ke wurin ta karanta, ta sa yatsa a kan kalmomin nan na "gwargwadon iyawata" ta ce, "Malam, mene ne iyawar taka? Kilo nawa? Sau nawa a yini? Wannan takardar ba ta faɗa ba, mu kuma ba za mu mayar da kai wurin ɗaukar kaya a kan hasashe ba." A lokacin raina ya ɓaci, don na ɗauka hanya ake nema a sallame ni, amma yanzu na yarda tana da gaskiya. Likita yana ganin mutum na minti goma ne a ɗakin duba marasa lafiya, kuma hoton MRI ba ya faɗin nauyin da mutum zai iya ɗagawa daga ƙasa. Ta ce sai an yi mini gwajin ƙarfin aiki, wanda a takardu ake taƙaitawa da haruffan FCE. Na tambaye ta ko za a ɗebi jini da fitsari ne irin gwajin da ake yi wa sabon ma'aikaci, ta ce ita ma ba ta taɓa shiga ɗakin ba, abin da ta sani kawai rahoto ne yake dawo mata.

Daga nan na shiga zagayen takardu. Cibiyar da ke yin gwajin ta ce ba ta ba da rana sai ta ga abu uku: takardar turawa daga likitan da ke duba ni, amincewar kamfanin inshora a rubuce cewa zai biya, da takardar da ke bayyana abin da aikina ke buƙata daga jiki. Kamfanin inshora ya ce ba zai amince ba sai ya ga takardar turawa, likita kuma sai an jira ranar da yake ganin marasa lafiya, wadda ta kama kwana tara a gaba. Da na samo takardar turawar sai aka dawo da ita saboda ba a rubuta tambayar da ake so gwajin ya amsa ba. Ashe akwai bambanci tsakanin a ce a auna iyawar mutum gaba ɗaya da a ce a auna shi a kan takamaiman aikin da yake yi, kuma tsarin gwajin da tsawonsa da kuɗinsa duk suna canzawa da wannan. Na koma aka ƙara jimla ɗaya. Mako uku suka wuce a haka, sannan cibiyar ta ba ni rana bayan wasu makonni biyu. Kuɗin gwajin kansa inshora ce ta biya kai tsaye, ban ma ga takardar kuɗin ba, amma kuɗin mota na zirga-zirga, da na kwafar takardu, da na karɓar rahoton MRI a karo na biyu, duk daga aljihuna suka fita, a lokacin da abin da ake biyana bai kai cikakken albashi ba. Daga baya na ji cewa da na adana rasit da an mayar mini da wasu daga ciki, ni kuwa ko ɗaya ban ajiye ba.

Takarda ta uku, ta bayanin aiki, ita ce ɗan hakin da na raina. A wurin aikina aka miƙo mini ita a cikin ambulan a manne, na kai cibiyar na miƙa ba tare da na buɗe ba, don a ganina ni na san aikina, babu abin da takarda za ta ƙara mini. Zan dawo kanta.

A cikin makonni biyun jira na sami shawara iri biyu daga abokan aiki, kuma dukansu gurguwar shawara ce. Na farko ya ce in ɓoye ƙarfina, in riƙa nishi tun daga ƙofa, don a ƙara mini hutu ko a mayar da ni aikin zama. Na biyu ya ce in cije in ɗaga duk abin da aka ajiye a gabana ko da zan suma, domin wanda ya nuna rauni shi ake fara ragewa. Zuciyata ta karkata ga na biyu, saboda ina da iyali kuma na gaji da zaman gida. Takardar da cibiyar ta aiko ta ce in zo da tufafin da ba za su takura ni ba da takalmin da nake aiki da shi, in ci abinci, in zo da jerin magungunana, in sha su kamar yadda na saba ba ragi ba ƙari. Da asuba na sha maganin zogin da na saba, sannan na ƙara ƙwaya ɗaya a kai.

Gwajin na kwana biyu ne. Ranar farko na isa ƙarfe takwas saura, na zauna a ɗakin jira kusan minti 40. Mai gwajin likitar fisiyo ce, ta fara da karanta mini takardar amincewa, ta nanata cewa ina da ikon tsayar da kowane gwaji a duk lokacin da na so, ita ma tana da ikon tsayar da ni, kuma rahoton zai tafi wurin likitana da inshora da wurin aikina. Ta ce ita ba mai jinyata ba ce a yau, aunawa kawai za ta yi, saboda haka kada in ji haushi idan ba ta ba ni shawara ba. Ta auna hawan jinina da bugun zuciyata ina zaune, ta ce da jinin ya hau sosai da an ɗage gwajin. Ta ɗaura mini wani ɗamara mai auna bugun zuciya a ƙirji, ta cire shekaruna daga 220 ya ba da 178, ta ɗauki kashi 85 cikin ɗari na wannan ya ba da 151, ta ce idan bugun ya kai nan za mu dakata ko da ina jin ƙarfi. Sai tambayoyi na kusan sa'a guda: yadda raunin ya faru, abin da ke tayar da ciwon, tsawon lokacin da nake iya zama da tsayuwa da tafiya. Ta ba ni takardar tambayoyi ta Oswestry, wadda aka fara fitar da ita a Ingila a 1980, mai sashe goma a kan abubuwa irin su wanka da sa tufafi, ɗaga kaya, barci da tafiya. A wurin zama na zaɓi cewa ba na iya wuce rabin sa'a. Sai da rahoto ya fito na ga an rubuta cewa na zauna minti 40 a ɗakin jira da minti 55 a wurin tambayoyi ba tare da na miƙe ba. Ba ƙarya na yi niyyar yi ba, abin da na sani tun wata na biyu na rubuta ban lura cewa jikina ya wuce wurin ba, amma daga nan na gane cewa gwajin yana farawa tun daga lokacin da mutum ya shigo ƙofa.

Bayan ta duba lanƙwasuwar bayana da ƙarfin ƙafafuna da yadda jijiyoyin gwiwa da dunduniya ke amsawa, sai ta miƙo mini wani ƙarfe mai agogo da ake matsewa da hannu, Jamar sunansa. Na ce mata, "Likita, bayana ne ya ji ciwo, hannuna lafiya lau yake." Ta yi murmushi ta ce in dai matsa. Mariƙinsa yana da matsayi biyar daga matsattse zuwa buɗaɗɗe, na matsa sau uku a kowane matsayi da kowane hannu. Daga baya na fahimci hikimar. Hannun mai yin iya ƙoƙarinsa ya fi ƙarfi a matsayi na biyu ko na uku, ya ragu a na farko da na ƙarshe, kuma sakamakon matsawa uku yakan zo kusa da juna. Wanda ke rage ƙarfinsa da gangan yana shan wahala kafin ya maimaita adadi ɗaya sau uku. Wato hannun lafiyayye ake amfani da shi a ga ko mutum yana bayar da ƙoƙarinsa na gaskiya. Nan na tuna da abokina na farko da shawararsa ta nishi.

Ɗaga kaya shi ne zuciyar gwajin, kuma a nan na yi wautar da na zo da ita. Akwati ne na katako mai mariƙi biyu, da kanta mai hawa-hawa da ake daidaitawa da tsayin mutum. Za a ɗauko akwatin daga ƙasa a ɗora a hawan da ke daidai ƙugu, a sauke, sau biyar, sannan ta juya mini baya ta ƙara ƙarafa a ciki ba tare da ta faɗa mini nauyin ba. Bayan kowane zagaye tana tambayar ciwona daga sifili zuwa goma, da yadda nake jin wahalar aikin a ma'aunin Borg, wanda ke farawa daga 6 ya ƙare a 20, tana kuma duba bugun zuciya ta rubuta. Zagaye huɗu na farko sun tafi sumul. A na biyar na ji ƙuguna ya ja, na ce ciwon biyu ne alhali ya kai biyar. A na shida na ɗaga sau ɗaya, na ɗaga na biyu, sai ta ce, "Ajiye, Malam, ya isa." Na ce ai zan iya ƙarasawa. Ta ce ta ga na buɗe ƙafafuna fiye da da, na riƙe numfashi, jijiyoyin wuyana sun tashi, na fizgi akwatin maimakon in ɗaga shi a hankali, na kuma jingina shi a cinya kafin ya kai kanta, ga bugun zuciyata ya haura 140 ina cewa aikin da sauƙi. Ta ce abin da take nema shi ne nauyin da zan ɗaga lafiya in kuma dawo gobe in sake ɗagawa, wanda na ɗaga sau ɗaya da ƙyar ba ya shiga lissafi. Nauyin da ta tsayar da ni a kai kilo 25 ne, wanda ta rubuta a matsayin iyakata kuwa kilo 20. Aka maimaita tsarin daga ƙugu zuwa kafaɗa, da ɗaukar akwati a yi tafiya da shi, da turawa da jan wani keke mai nauyi. Na fito bayan sa'a uku da rabi ina jin kamar an kayar da ni jarrabawa.

Da daddare ƙwayar da na ƙara ta sake ni, jiki magayi ya fara magana. Ban yi barcin kirki ba, da safe sai da na dafa bango kafin in miƙe. Wannan tsari na kwana biyu, wanda ake dangantawa da wata likitar fisiyo Ba'amurkiya mai suna Susan Isernhagen tun shekarun 1980, an yi shi ne saboda irin wannan, don a ga abin da aikin jiya ya bar wa jiki, tunda ma'aikaci ba yini ɗaya yake aiki ba. Tambayar farko da ta yi mini ita ce yadda na kwana da kuma ko na canza wani abu a magani. Na yi shiru, sannan na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai rubuta, kuma ya fito a rahoto a jimla ɗaya wadda har yau nake jin kunyarta. Ranar ta biyu ba ta da nauyi sosai amma ta fi gajiyarwa: tsayuwa ta rabin sa'a a gaban tebur ina jera ƙananan ƙusoshi a allo mai ramuka, durƙuso, tsuguno, rarrafe, aiki da hannaye sama da kai, hawa da saukar bene, hawa tsani, da sunkuyo ina ɗaure noti a wani ƙarfe da ke daidai gwiwa. A wurin sunkuyon na tsayar da kaina bayan minti uku da 'yan daƙiƙu na ce ciwon ya kai shida yana kuma neman sauka cinya, ta ce daidai ne, ta ga alamun hakan tun kafin in yi magana. A ƙarshe ta sake sa ni ɗaga akwatin daga ƙasa, na kai kilo 20 ɗin jiya ba tare da na san adadin ba, na ce nan ne iyakata. Wannan daidaituwa tsakanin jiya da yau ita ta cece ni, domin ita ta sa aka rubuta cewa sakamakona abin dogaro ne duk da ƙwayar da na ƙara.

Rahoton ya ɗauki kwana 12, kuma sai da na nemi kwafi a rubuce aka ba ni, domin ni kaɗai ne ba a sa a jerin waɗanda za a aika wa ba. Shafi 14 ne, sai da na karanta sau uku kafin in gane harshensa. Kalmar "lokaci-lokaci" a cikinsa tana nufin har zuwa kashi ɗaya cikin uku na yinin aiki, "akai-akai" tana nufin daga kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku, "kullum-kullum" kuma abin da ya haura haka. Ana kuma kasa ayyuka gida biyar bisa tsarin da ya samo asali daga ma'aikatar ƙwadago ta Amurka, inda aikin zama ba ya wuce ɗaga kilo huɗu da rabi lokaci-lokaci, marar nauyi ya tsaya a kusan kilo 9, matsakaici a kusan kilo 23, mai nauyi a kusan kilo 45, abin da ya wuce nan kuma shi ne mai tsananin nauyi. An sa ni a matsakaici. A shafi na biyu akwai jadawali mai layi biyu, ɗaya na abin da na iya, ɗaya na abin da aikina ke buƙata, kuma a gaban ɗagawa daga ƙasa an rubuta 20 a nawa, 45 a na aikin. Hukuncin da ke ƙasa ya ce ban dace da komawa aikina na da ba.

Na daɗe ina kallon wannan 45 ɗin, domin rabon da wani a sashenmu ya ɗaga kilo 45 shi kaɗai an yi shekara shida, tun da aka kawo motar ɗaga kaya aka kuma kafa dokar cewa manyan buhuna mutum biyu ke kama su. Na koma ofishin kula da ma'aikata na nemi a nuna mini abin da ke cikin ambulan ɗin nan da na kai da hannuna. Takarda ce da aka rubuta tun kafin a ɗauke ni aiki, ba wanda ya sake dubawa. An auna jikina daidai, amma an gwada shi da aikin da ba a yinsa yanzu. Na rubuta takardar ƙorafi mai shafi ɗaya, ban soki mai gwajin ba don ba ta yi kuskure ba, na dai roƙi a auna aikin kansa, shugaban sashenmu ya sa hannu a ƙasa. Bayan mako biyu inshora ta amince, mai gwajin ta zo ma'ajiyar da sikeli da tef ɗin awo da agogo, ta yini tana kallon abokan aikina. Ta tarar kwali mafi nauyi da mutum ɗaya ke ɗagawa kilo 25 ne, sau 'yan kaɗan a yini, yawancin kwalaye kuwa kilo 12 ne. Ta kuma rubuta wa kamfaninmu cewa ko lissafin nauyin da ya dace mutum ya ɗaga na NIOSH, hukumar Amurka mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata, yana farawa ne daga kilo 23 a yanayi mafi kyau, yana raguwa idan kayan yana ƙasa ko nesa da jiki ko ana murɗa ƙugu, ta ba da shawarar a daina ajiye manyan kwalaye a daɓe, a ɗaga su zuwa hawa na biyu na kanta. Tazarar da ke tsakanina da aikina ta sauko daga kilo 25 zuwa kilo biyar.

Wannan kilo biyar aka cike da makonni huɗu na horon ƙarfafa jiki don aiki, kwana biyar a mako, sa'a biyu zuwa uku kowace rana. Ya bambanta da fisiyon da na saba, domin babu gashi babu tausa, kwaikwayon aikin ne kawai da nauyin da ake ƙarawa a hankali, da koyon juyawa da ƙafafu maimakon murɗa ƙugu, da riƙe kaya a jikin ciki. A ƙarshensa aka sake mini gajeren gwaji na sa'a ɗaya da rabi a kan abubuwan da na gaza kawai, na ɗaga kilo 27 daga ƙasa ba tare da mai gwajin ta tsayar da ni ba. Aka zauna taro da jami'ar ma'aikata da shugaban sashe da ni, aka rubuta tsarin komawa: sa'a huɗu a yini a makonni biyu na farko ba tare da wuce kilo 15 ba, sa'a shida a makonni biyu na gaba, sannan cikakken yini, da sharaɗin cewa ba zan yi sunkuyo mai tsawo ba tare da miƙewa ba. Na nace a rubuta sunan muƙamin wanda zan kai wa ƙara idan aka matsa mini in wuce iyakar, kuma hakan ya yi amfani a mako na biyu, ranar da motoci uku suka iso lokaci guda aka fara kallona.

Idan na waiwaya, makonnin da na yi asara sun tafi ne a wurare kaɗan da ake iya kaucewa. Da tun a wata na huɗu na tambayi wurin aikina abin da za su buƙata kafin su karɓe ni, da an nemi takardar turawa da amincewar inshora ina cikin jinya, maimakon a fara bayan ta ƙare. Da na san takardar turawa tana buƙatar tambaya bayyananniya, da ban koma wurin likita sau biyu ba. Mafi girma kuwa, da na buɗe ambulan ɗin nan na karanta shi layi-layi tare da shugaban sashe, na sa kowane kwali a sikeli idan ta kama, da rahoton farko bai taɓa cewa ban dace ba. Ma'aikaci yana da bakin magana a kan wannan takarda kafin gwaji, kuma gyara ta a lokacin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara rahoton da ya riga ya zagaya ofisoshi uku. Haka kuma ya kamata mutum ya nemi a sa shi cikin waɗanda za a aika wa rahoto tun ranar da yake sa hannu a takardar amincewa, ya adana kwafin kowace takarda da kowane rasit a jaka ɗaya, ya kuma cike takardun tambayoyi da halin da yake ciki a makon gwajin, ba da abin da ya tuna daga lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa ba.

Game da shawarar abokan nan biyu, ɗakin gwajin an gina shi ne don kama dukansu. Mai ɓoye ƙarfi bugun zuciyarsa da matsar hannunsa da zamansa a ɗakin jira za su saɓa wa bakinsa, a rubuta cewa sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, wannan kuwa tabo ne da ke bin mutum a duk wata magana ta diyya ko canjin aiki. Mai cijewa kuma, idan ya yi rashin sa'a mai gwajin ba ta lura ba, adadin da ya ɗaga da ƙyar sau ɗaya shi za a rubuta masa ya riƙa ɗagawa kowace rana. Ba na cewa gwajin ba shi da naƙasu, domin sa'o'i bakwai a ɗaki mai sanyi da daɓe mai kyau ba su zama ɗaya da yinin da ake sauke mota cikin gaggawa ba, shi ya sa komawa a hankali ta fi rahoton kansa muhimmanci a wurina. Yanzu shekara guda ke nan da komawata, ƙugun yana yi mini tsami wasu ranaku, manyan kwalayen suna hawa na biyu na kanta, kuma takardar bayanin aikin sashenmu tana ɗauke da sabon kwanan wata da adadin kilo 25.